Daga Kaduna zuwa ƙarƙashin tekun Zanzibar: yadda ake shirya tafiyar nutso

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tunda na saka ɗan bidiyon nan da nake ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a bayana, kififiya na wucewa ta gabana ko kallo ban ishe ta ba, saƙo bai daina shigowa ba, wasu na tambayar yadda ake zuwa, wasu kuma tsiya kawai suke min wai ni da ko kogin Kaduna ban taɓa tsoma ƙafa ba me ya kai ni teku. To gaskiyarku ne, garin da sunansa ma daga kada ya samo asali ai ba a koya mana wasa da ruwa ba. Shi ya sa yau zan warware muku abin tun daga tushe, kuma da Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, zan yi misali don can na je.

Kafin ka fara duba kuɗin tikiti, ɗan uwa ka iya iyo? Wannan ita ce tambayar. Takardar farko da yawancin mutane ke yi ita ce ta PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso, wadda suke kira Open Water, kwana 3 zuwa 4 ake yi, akwai karatu, akwai atisaye a ruwa mara zurfi, sannan nutso 4 a cikin teku, in ka ci za a ba ka izinin sauka har mita 18. Amma kafin a ba ka sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, sannan ka zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Ba tsere bane, ba wanda ke duba agogo a iyon, amma in ba ka iya ba to ba ka iya ba. Don haka ka nemi wurin wanka na otal ko kulob a nan cikin gari, ka biya mai koyarwa wata biyu ko uku, da naira, ya fi maka ka je can kana koyon iyo da dala. Karatun ma ana yinsa ta intanet, ka gama shi a ɗakinka kafin ka tashi. Wanda kuma ɗanɗanawa kawai yake so, akwai na gwaji na yini ɗaya, malami na riƙe da kai, ba a wuce mita 12.

Za su ba ka fom na lafiya, don Allah kar ka yi ƙarya a ciki. Asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, juna biyu, da kuma sikila wadda mu a nan kusan kowane dangi akwai mai ita, duk sai ka ga likita tukuna, in ya ce a'a to ka haƙura, ka sa tabarau da ɗan bututu ka kalli kifin daga sama, shima akwai daɗi.

Yanzu bari in muku bayanin abin da ruwa ke yi wa jiki, don duk lissafin kwanakin tafiyar daga nan yake fitowa. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, wato a mita 10 ya ninka biyu kenan. Kunne ne ke fara sanar da kai. Sai ka toshe hanci da yatsu ka ɗan hura a hankali, za ka ji kunnen ya yi ɗan ƙara ya buɗe, haka za ka riƙa yi tun kafin zafin ya zo. Ni nan ne na sha wuya, don a watan Janairu na tafi, na kwaso murar hunturu da ƙurar Kaduna cike da hanci, ranar farko a mita 4 na maƙale kamar ana soka min tsinke a kunne, malamin ya nuna min sama muka koma jirgi, yini guda da na riga na biya ya tafi a zaune ina shan shayin citta. In kana mura ba nutso, ka sa wannan a lissafi.

Tukunyar nan kuma ba oksijin zalla ne a ciki ba kamar na asibiti, iska ce irin wadda muke shaƙa aka danna ta har matsinta ya kai wajen ninki 200 na iskar doron ƙasa, kashi 21 oksijin, kusan duk sauran naitirojin. A ƙarƙashin matsi naitirojin ɗin na narkewa cikin jini, in ka hau sama da gaggawa sai ya yi kumfa, daidai yadda lemon kwalba ke yi in ka girgiza ka buɗe, kuma kumfar nan na iya zama a gaɓoɓi ko laka. Saboda haka ake hawa a hankali, a tsaya a mita 5 na minti 3, kuma har abada ba a riƙe numfashi. Wani abin dariya, ɗaga babban yatsa a can ƙasa ba "lafiya lau" yake nufi ba, nufinsa mu hau sama, lafiya lau shi ne ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

To ga inda mutane ke yin kuskure. Jirgin sama shima raguwar matsi ne, don haka bayan nutso ɗaya sai ka jira aƙalla awa 12 kafin ka hau shi, in kwanaki ka jera kana yi aƙalla awa 18, ni dai awa 24 nake ba shi in huta. Ka ga kenan, ranar isa ta hutu ce, kwana 4 na kwas, yini ɗaya na ko-ta-kwana saboda mura ko iska, yini na ƙarshe a tudu. Mako guda cif. Duk wanda ya ce maka zai haɗa maka komai a kwana 4 har da dawowa, ka riƙe kuɗinka.

Lokaci kuma, ka guji Maris zuwa Mayu, lokacin babban ruwan samansu ne da suke kira masika. Yuni zuwa Oktoba rani ne da ɗan sanyi, Disamba zuwa Fabrairu zafi, ruwan tekun kuma ɗumi gare shi duk shekara. Wurin da aka fi kai sababbi shi ne kewayen ɗan tsibirin Mnemba a arewa maso gabas, daga Matemwe ko Nungwi ake shiga jirgin ruwa. Tsibirin Pemba ta fi kyawun murjani amma ruwanta na ja da ƙarfi, a bar wa gwanaye. Da azumi kuwa ban ba ka shawara ba, ƙishirwa na ƙara haɗarin kumfar nan.

Hanya ba wuya, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, daga Abuja ka bi ta Addis Ababa ka sauka filin jirgin Abeid Amani Karume. Biza ka nema ta intanet tun da sauran makonni, kar ka ce sai ka isa, ka riƙe katin rigakafin shawara, sannan tun Oktoban 2024 baƙi na biyan inshorar dole ta dala 44. Inshorar haɗarin nutso kuma daban take, irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ka tambaya a kai. Kaya kar ka saya, haya ake bayarwa, tabarau kaɗai ya kamata ya zama naka don ya zauna daidai fuskarka, masu gashin baki kuma a ɗan rage don ruwa ta nan yake shiga. 'Yan uwa mata, rigar robar da ake nutso da ita tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, ku taho da hijabin iyo mai kama kai, ku kuma tambaya tun a waya ko suna da malama mace. Garin Musulmi ne, masallaci da abincin halal ba sai ka nema ba.

Yinin ƙarshen nan da aka hana ka shiga ruwa, ni a Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, na ƙarar da shi, na shiga kasuwar Darajani na auno wa Hajiya kanumfari da kirfa, da magariba na zauna a lambun Forodhani na bakin teku ina cin gasasshen kifi da ruwan rake, har lokacin kunnena na hagu bai gama buɗewa ba.