Abin da girgizar kan ɓera ke nunawa game da ƙwayoyi masu sa gane-gane

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan zama.

An yawaita kawo mana labarin cewa ƙwayoyi masu sa gane-gane irin su LSD da silosaibin, sinadarin da ke cikin wasu nau'o'in naman kaza, za su zama maganin ciwon damuwa. Kaso mai yawa na wannan magana daga jikin ɓeraye ya fito, don haka bari mu ga yadda ake gwajin.

Duk ƙwayoyin nan ƙofa ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa, makarɓar sirotonin (sinadarin da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi) da ake kira 5-HT2A, wadda ta yi yawa a ɓawon ƙwaƙwalwa, musamman a shimfiɗa ta 5. In ƙwaya ta kama ta, sai kalsiyam ya ƙaru cikin ƙwayar jijiyar, ta yi saurin harba saƙo.

To, ɓera ba ya magana, balle ya ce ga abin da ya gani. Abin da ake ƙirgawa a matsayin alamar gane-gane shi ne wata girgizar kai mai sauri ƙwarai, wadda aka fara bayyanawa tun 1956. Ana yi wa ɓera mai nauyin giram 25 allurar DOI, wata ƙwaya mai sa gane-gane, a cikinsa, miligiram 1 kan kowane kilo, wato miligiram 0.025 ke nan, a sa shi cikin akwatin gilashi a ƙirga na kusan minti 30. Wani rukunin kuma ruwan gishiri kawai ake ba shi don kwatance. Ido na yaudara a nan, domin susa da gyaran jiki kan yi kama da girgizar. Shi ya sa yanzu ake liƙa ɗan maganaɗisu a kan ɓeran, a naɗe akwatin da waya, kwamfuta ta ɗauki motsin.

Shaidar tana da ƙarfi. A binciken da aka wallafa a 2007, ɓerayen da aka cire wa wannan makarɓa ba su girgiza kai ba ko da an ba su LSD. Maganin da ake kira lisurid kuwa, da ke kama makarɓar amma ba ya sa mutum gane-gane, bai jawo girgizar ba.

Inda gwajin kan lalace: in aka zarce wani adadi, girgizar raguwa take, sai mai bincike ya zaci ƙwayar ba ta aiki. In aka maimaita allura kullum, makarɓun su ragu, amsar ta dushe cikin 'yan kwanaki. Akwai ma sinadarai irin su 5-HTP da ke jawo girgizar alhali ba a san su da sa gane-gane ba.

Wanda ya fi jan hankalin jaridu shi ne aikin Jami'ar Yale ta Amurka a 2021: allurar silosaibin guda ɗaya ta ƙara ƙananan mahaɗan jijiyoyi a gaban ƙwaƙwalwar ɓera da kusan kashi 10 cikin 100 a cikin awa 24, kuma ƙarin na nan bayan wata guda. Sakamako ne na gaske, amma mahaɗar jijiya aka auna, ba warakar majinyaci ba. A yawancin ƙasashen da muke zaune, doka ta hana mallakar waɗannan ƙwayoyi sai da lasisin bincike.

Na gode. Mai tambaya ya ɗaga hannu.