Kuɗin agaji da dokokin yaƙi da ta'addanci

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa, sannunku da zuwa.

Tunda mun ƙuduri tara gudummawa don 'yan gudun hijira, ya kamata mu sani cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta wanke mutum a gaban doka. A Ingila, dokar ta'addanci ta 2000 ta ce laifi ne ka ba da kuɗi kana da dalilin zargin za su iya faɗawa hannun 'yan ta'adda, ko da ba ka tabbatar ba, kuma ɗaurin na iya kaiwa shekara 14. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 2010 cewa ko horarwa ko ba da shawara ga ƙungiyoyin da aka ayyana na 'yan ta'adda tallafi ne da doka ta haramta.

Ga inda gizo ke saƙa. Motar hatsi ta isa shingen 'yan bindiga, suka ce sai an biya. In direba ya biya, abinci ya kai ga mayunwata, amma kuɗin ya shiga aljihun waɗanda doka ta haramta. In kuwa ya ƙi biya, mota ta juya. Tsoron wannan na cikin abin da ya jinkirta agaji a yankunan Al-Shabaab lokacin yunwar Somaliya ta 2011, wadda ta kashe kusan mutum 260,000.

Mu dai ƙananan ƙungiyoyi, banki ne zai fara tare mu. Da ya ga kuɗi na tafiya yankin rikici, rufe asusun ya fi masa araha a kan bincike.

Gaskiya ne ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2664 na Disamba 2022 ya keɓe aikin jinƙai daga takunkumanta. Sai dai kada ya ruɗe mu: bai soke dokar laifuka ta kowace ƙasa ba, kuma ya fi shafar hukumomin Majalisar da abokan aikinsu.

Don haka kada ko sisi ya bi ta asusun wani mutum, komai amanarsa. A tura wa ƙungiya mai rajista. In a Najeriya take, a nemi takardarta ta SCUML, wato sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram. A duba sunayen shugabanninta da 'yan kwangilarta a jerin takunkumin Majalisar da na ƙasar da muke zaune, a rubuta ranar dubawar. A sanar da banki tun kafin turawa: nawa ne, ga wa, don me. Rasit da rahoton rabo kuma ma'aji ya adana, domin su banki zai fara tambaya.

Na gode. Wassalamu alaikum.