Lacca: Su Wa Ke Cinye Mataccen Itace?

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana kan halittun da ke ruɓar da itace, wato dangin funfuna da naman kaza. Bari mu fara da abincin kafin mu zo kan masu ci. Kusan rabin busasshen itace wani zare ne da ake kira selulos, wanda asalinsa sukari ne a jere. Kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kuwa wani sinadari ne mai taurin tsiya, liginin. Ku dubi ginin ƙasa: ciyawar da magini ke cuɗawa a kwaɓi ita ce selulos, lakar da ta lulluɓe ta ita ce liginin. Kowa na kwaɗayin sukarin, amma laka ta tare hanya. Duk faɗin duniya babu wanda ya kai funfuna iya fasa ta.

Naman kazan da kuke gani a jikin kututture cikin ruwan Agusta ya leƙo ne kawai ya watsa iri. Ainihin jikin halittar yana ciki, siraran zaruruwa ne farare da suka ratsa itacen, suna fitar da ruwan narkarwa suna tsotse abin da ya narke.

Kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai masu farar ruɓa, irin su Pleurotus da Ganoderma, waɗanda ke cinye liginin ɗin kansa, su bar itace fari, da laushi, yana tsagewa zare-zare. Akwai masu jar ruɓa. Su ba ruwansu da wahalar cinye liginin, sai su saki wasu sinadarai da ke haɗuwa da ƙarfen da ke cikin itacen, su yi wa selulos kaca-kaca su kwashe sukarin. Abin da ya rage sai ya yi ja, ya tsattsage gida-gida, ka murza shi ya zama gari. Waɗannan ba su da yawa, kuma sun fi yawa a dazuzzukan ƙasashe masu sanyi. Ɗaya daga cikinsu, Serpula lacrymans, ita ce ke cinye katakon gidaje a Turai. Sai masu ruɓa mai laushi, a itacen da ke jiƙe kullum. Wannan mu wuce shi.

A 2012 wasu masana sun kawo hujjar cewa farar ruɓa ta bayyana ne kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce, daidai lokacin da taruwar gawayin kwal a ƙarƙashin ƙasa ta ja baya. Wato kafin nan itace na faɗuwa ya taru babu mai ci. Labari ne mai daɗin ji, amma a 2016 wasu suka musanta, suka ce faɗin fadamu da yanayin wancan zamani ne suka tara kwal. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

A cikin gungume ɗaya za ka samu nau'i da yawa, kuma ba zaman lafiya suke ba. Idan kafinta ya tsaga tsohon itace ya ga baƙaƙen layuka kamar an zana da tawada, iyakoki ne, kowace funfuna ta killace yankinta. Lynne Boddy ta Jami'ar Cardiff ta shafe shekaru tana nazarin wannan faɗa. Wasu ma suna kwance cikin itacen tun yana da rai, suna jiran reshe ya mutu. Wasu ba sa jira. Ganoderma boninense na kashe itatuwan kwakwar manja a Malesiya da Indonesiya. A jihar Oregon ta Amurka kuwa akwai Armillaria guda ɗaya tak da ta mamaye sama da murabba'in kilomita 9 na daji, shekarunta sun haura 2,000.

Yanzu mu dawo gida, don nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Funfuna ba ta aiki sai da laima. A ƙasarmu kuwa rani ya fi damina tsawo, hunturu ya busar da komai. To wa ke cinye itacen? Za ku ce gara. Haka ne, amma manyan gara masu gina suri, waɗanda ake kira Macrotermes, ba su kaɗai suke aikin ba. Sukan tattauna itace da kara su kai cikin suri, su jera shi a ɗakuna, sai wata funfuna mai suna Termitomyces ta tsiro a kai. Gara ta tanadar mata laima da ɗumi na kusan digiri 30, rani da damina, ita kuma ta narkar da abin da gara ba ta iyawa, gara ta dawo ta ci. Noma ne sosai, kuma a Afirka ya faro kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce. Naman kazan da ke fitowa a gindin suri da damina na wannan funfuna ne. A Zambiya akwai irinsa da faɗin lemarsa kan kai mita 1. Amma don Allah kada wani ya fita daga nan ya tsinko wanda bai sani ba ya kai wa uwargida. Akwai masu kisa.

Wani bincike na 2021 ya ƙiyasta cewa mataccen itace na sakin kabon tan biliyan 10.9 a shekara, mafi yawansa daga dazuzzukan ƙasashe masu zafi. Sinadaran da itacen ya zuƙa kuwa ƙasa suke komawa. Kogon da zuma ke shiga ko mujiya ke kwana, galibi funfuna ce ta fara rarake shi. Ba zan ce wa matar da ke neman makamashin tuwo ta bar busasshen reshe ba. Amma a daji irin Yankari ko Falgore, kuskure ne a ɗauki faɗaɗɗen itace a matsayin shara.

Na ga hannu a can. Bismillah, Baba.

"Malam, azarar soron gidanmu tun kakanmu take, ba ta ruɓe ba, amma katakon da muka sa kwanan nan har ya yi laushi. Me ya sa?"

Ranka ya daɗe, abu biyu ne. Ɓarin wajen giginya, inda ake fitar da azara, zarensa a cushe yake, da wuya gara ko funfuna su ratsa shi. Kirya ma tana da irin wannan juriya, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita. Na biyu kuma ruwa. Katakon da laimarsa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓa. Idan naku ya yi laushi, akwai inda yake shan ruwa. A duba indararo da yaɓen saman soron kafin ruwa ya sauka, a toshe yoyon tukuna, sannan a cire katakon da ya ruɓe har da ɗan ƙari daga sashen da ake ganin lafiyarsa ƙalau, domin zaren funfunar ya riga ya wuce inda ido ke gani.