Lacca: Idan Bugun Zuciya Ya Yi Tsallake, Yaushe Ne Abin Tsoro?

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, barkanku da zuwa.

Zuciyar babban mutum, idan yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kusan sau 100,000 ke nan a kwana guda. A cikin wannan yawa, wani bugun kan riga lokacinsa. Idan ya riga, sai zuciya ta ɗan dakata, na gaba ya zo da ƙarfi, ka ji dam a ƙirji. Ga mai lafiyayyar zuciya, galibi wannan ba ya cutarwa. Goro, kofi, shayi mai kauri, lemon ƙarin kuzari, sigari, rashin barci da damuwa duk suna tayar da shi. Haka zazzaɓi da ƙarancin jini. Tsoron kansa yana ƙara shi, shi ya sa ya fi damun mutum da dare idan ya kwanta.

To amma ku saurara da kyau. Abin da nake tambaya a asibiti shi ne: da me ya zo? Idan akwai suma, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko haki, ko kumburin ƙafa, ko wani a dangi ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi, kada a kwana a gida ana cewa iska ce ko sammu. Musamman mai jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a ƙasar nan, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da wankan jego. Gwaggo, idan 'yarki tana haki tana kumbura, don Allah a kawo ta.

Dattawa masu hawan jini, ku kuma akwai wani nau'i da bugun ke rikicewa gaba ɗaya, ba tsari. Jini kan daskare a cikin zuciya, ya tafi ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki yakan ninka kusan sau 5, alhali akwai maganinsa.

Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ku ƙirga na minti ɗaya cur. Ku rubuta lokacin da abin ya zo da abin da kuka ci ko kuka sha. Da wannan takarda za ku je a yi muku gwajin ECG, wato gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa a kan takarda. Idan bai kama komai ba, akwai ƙaramar na'ura da ake maƙala wa mutum ta awa 24.