Asabar ɗin Ƙarshen Wata a Kigali: Yau da Fartanya Na Fito

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri da muryar nan, barcin bayan asuba ne bai gama sakina ba. Ƙarfe takwas saura kwata ke nan a Kigali, babban birnin Ruwanda, ku a gida bakwai saura kwata. Bari in juya kyamara ku ga titi. Kun gani? Wannan fa Nyamirambo ce, unguwar da ko tsakar dare ba ka rasa mai soya wani abu a bakin hanya. Yau ko babur ɗaya babu, shaguna duk a garƙame. Ba yajin aiki ake yi ba. Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar Umuganda, wato ranar da jama'a ke fitowa aikin unguwa.

Tun da na sa bidiyon nan na tsakiyar gari kuke ta tambayata abu guda: wai da gaske garin haka yake tas, ko kuwa inda ya yi kyau kawai nake ɗauko muku? Wani bawan Allah har cewa ya yi gwamnatin Ruwanda ce ke biyana. Allah ya sa, da na huta da kuɗin haya. To gani ya kori ji. Yau ku biyo ni ku ga yadda ake tafiyar da garin daga ƙasa, mai daɗin da marar daɗin.

Ga fartanyata, ta Mama ce, dattijuwar da nake haya a gidanta. Doka ba ta tilasta wa baƙo irina fita ba. Ɗan ƙasa mai lafiya kuwa, daga shekara 18 zuwa 65, wajibi ne ya fito daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, wanda ya ƙi ba da uzuri ana iya cinsa tarar faran 5,000. Watan farko da na zo na yi kwanciyata. Da na leƙo da rana, Mama ba ta ce mini uffan ba, kallo ɗaya ta yi mini, irin wanda gwaggonka ke yi maka idan ka wuce ba ka gaishe ta ba. Tun ranar ban sake fashi ba.

Da Hausa Umuganda ba wani baƙon abu ba ne, aikin gayya ne. Kakanninsu da shi suke gina wa maƙwabci ɗaki, kamar yadda namu suke taruwa su nome wa marar lafiya gona. Sai dai kalmar tana da tabo. A 1974 gwamnatin Shugaba Habyarimana ta mayar da shi aikin dole na hukuma, a kisan ƙare dangin da aka yi wa Tutsi a 1994 kuma masu kisan suna kiran abin da suke yi "aiki". Bayan yaƙi aka farfaɗo da shi, aka yi masa doka a 2007. Mutanen nan ba sa yawan taɓo wannan zancen da baƙo, ni ma ba na tonawa.

Mun iso. Aikin yau yashe magudanar ruwa ne. Ku dubi gangaren nan. Kigali duk tudu da kwari ce, idan aka yi ruwan sama na awa ɗaya, duk abin da ya sauko daga wannan tudun can Nyabugogo yake nufa, inda babbar tashar mota take, kuma wurin ya sha ambaliya ba sau ɗaya ba. Shi ya sa kwata a nan ba abin wasa ba ce. Wancan mai baƙin takalmin roba da ke tura baro ma'aikacin banki ne. Na kusa da shi ɗan acaɓa ne. Bari in ajiye wayar, kada a ce Bahaushe ya zo kallo.

To, alhamdu lillahi, ƙarfe goma ta wuce, kun ga yadda na koma. Abin da ya ba ni mamaki a cikin kwatar nan, ƙasa ce da ganye kawai muka kwaso. Leda ba ta fi a ƙirga ba. Tun 2008 aka haramta leda a ƙasar, a shago cikin jakar takarda ake zuba maka kaya. Ku tuna kwalbatin unguwarku a watan Agusta, ku cire ledar fiya-wata daga ciki, me ya rage?

Amma kada wani ya ɗauka awa uku a wata su ne suke riƙe da tsaftar birni mai mutum miliyan 1.7 bisa ƙidayar 2022. Ina! Kullum da sassafe akwai mata masu shara a manyan tituna, biyansu ake yi. Kowane gida yana biyan kuɗin kwashe shara duk wata, mota ta zo ta ɗauka ta kai juji a Nduba. Mu ma ai muna da tsaftar ƙarshen wata a Kano, ana tsayar da ababen hawa, tun zamanin Buhari da Idiagbon aka saba da abin. Me muke yi? Mu zauna a gida mu sha shayi har goma ta buga, wanda ya yi ƙoƙari ya yashe kwata ya tara a bakin titi, ruwan dare ya mayar da ita inda ta fito.

Ba ma a nan gizo ke saƙar ba. Ku dubi can ƙarƙashin bishiya, kowa ya ajiye shebur ya nemi wurin zama, wasu a kan dutse, wasu a ciyawa. Wannan zaman shi ne abin da na fito da ku don ku gani. Zan rage murya.

Wanda ke tsaye da littafi a hannu shi ne shugaban umudugudu, mai unguwa ke nan, har ma "Mudugudu" ake kiransa kai tsaye. Ba gado ba ne, zaɓensa ake yi, kuma ba albashi yake ɗauka ba. A samansa akwai matakin akagari, sai umurenge, sai akarere, wato gunduma. Kigali tana da akarere uku: Nyarugenge inda muke, da Gasabo, da Kicukiro, a ƙarƙashinsu umurenge 35. A can ƙoli sai magajin gari, Samuel Dusengiyumva, wanda ya hau kujerar a Disamba 2023. Kowane mataki yana da ofis ko mutumin da aka san fuskarsa. Idan fitilar layinku ta mutu, ka san ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa.

Abokina ɗan unguwa yana fassara mini, don Kinyarwandata ba ta wuce "mwaramutse" da "murakoze" ba, wato ina kwana da na gode. Mudugudu ya fara da sanarwa: a biya kuɗin inshorar lafiya, a tabbata kowane yaro yana makaranta, a ɗaure jinkar kwano sosai saboda iskar damina. Yanzu an buɗe fili. Waccan uwar mai ɗankwali shuɗi ƙorafi take yi, maƙwabcinta na sama ya saki ruwan rufin gidansa yana zubo mata a tsakar gida. Ga maƙwabcin a zaune, an ce ya tashi ya yi bayani. Kai jama'a! A gaban kowa aka ba shi mako biyu ya haƙa rami ko ya sa tanki, an kuma rubuta a littafi. Wata mai zuwa da wannan maganar za a fara. Na sha gani, ba ya wucewa.

Rubutun nan shi ne sirrin. Suna da wani tsari da suke kira Imihigo, tun 2006. Asalinsa alkawarin da jarumi ke ɗauka a gaban sarki da jama'a, cewa zai yi kaza, idan ya kasa ya sha kunya. Yanzu shugabanni ne ke sa hannu a takarda duk shekara: ajujuwa kaza, titi kilomita kaza, gidaje kaza za a ja wa ruwa. Ƙarshen shekara a zo a auna, a jera gundumomi daga ta ɗaya zuwa ta kashin baya, a karanta a rediyo. Ku ɗan yi tunanin a jera shugabannin ƙananan hukumomin jiharku haka, kowa da makinsa. Su ma nan ba waliyyai ba ne, mutanen gari da kansu suna da kalmar tsokana ga jami'in da ya dafa alƙaluma don ya burge na sama. Duk da haka, wanda ya san za a tambaye shi ba ya barci irin na wanda ya san ba mai tambaya.

Taro ya tashi. Mu gangara in nuna muku wani abu kafin azahar.

Waɗannan benayen na jan bulo da kuke hange, gefen kwarin Mpazi ne, a yankin Gitega. Da can gidajen laka ne cunkushe a kan gangare, damina ta zo ana kwana da fargaba. Dabarar da hukumar birni ta yi a nan ta burge ni: masu filaye suka haɗa filayensu, aka rushe, aka gina bene a wurin, aka ba kowa ɗakuna gwargwadon darajar abin da ya bayar. Mutum bai bar unguwarsu ba, bai rabu da masallacinsa ko cocinsa ba, bai yi nisa da inda yake neman abinci ba. Ɗan haya ne dai ya shiga uku, don shi ba shi da filin da zai bayar, sabon ɗaki kuma ya fi ƙarfin aljihunsa.

Ba ko'ina aka yi ta lami lafiya haka ba. Akwai wata unguwar talakawa a Nyarutarama, Kangondo da Kibiraro, jingine da gidajen masu hannu da shuni. Aka ce iyalai fiye da dubu su tashi su koma gidajen da aka gina musu a Busanza, can bayan filin jirgi. Da yawa suka ce su kuɗin diyya suke so, su zaɓi inda za su zauna da kansu. Aka yi shekaru ana ja-in-ja, har gaban kotu, a 2022 aka rushe abin da ya rage. Masu talla a titi ma korarsu ake yi, an gina musu ƙananan kasuwanni an ce su shiga ciki, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta sha fitar da rahoto kan tsare masu talla da mabarata a wata cibiya da ke Gikondo, gwamnati tana musantawa tana cewa wurin gyaran hali ne. Don haka idan kun ga titi fes babu mai tallan gyaɗa, babu almajiri, ku tambayi kanku ina suka tafi. Ni dai duk lokacin da na tuna da tallan ƙosai wata gwaggona ta aurar da 'ya'yanta huɗu, sai tsaftar ta ɗan rage mini armashi.

Ga abin da na lura da shi cikin zamana. A zaman ƙarƙashin bishiya, kana iya ɗaga murya kan kwata, kan fitila, kan ɓarayin waya, har kan Mudugudu kansa, kuma a saurare ka. Manyan shawarwari kuwa daga sama suke saukowa. Magajin garin ma ba jama'a ne ke layi su jefa masa ƙuri'a kai tsaye ba, wakilai ne ke zaɓensa daga cikin 'yan majalisar birni, wasu daga cikinsu kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa su. A Maris 2022 'yan sanda suka hana kiran sallar asuba da lasifika a masallatan birnin, suka ce dokar hana hayaniya ce. Na tambayi wani dattijo da muke sahu ɗaya yadda suka ji a lokacin, a unguwar da ta fi kowace yawan Musulmi. Ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, sanarwa muka ji." Bai ƙara ba, ni ma na ja bakina.

Kun ji ƙarar babura ta dawo? Sha ɗaya ta wuce, gari ya buɗe. Ku lura da ɗan acaɓan nan: riga mai lamba, hular kwano biyu, ɗaya tasa ɗaya ta fasinja, kuma ba wanda zai ɗauke ka idan ka ƙi sawa. Mu a Kano hana acaɓa aka yi gaba ɗaya a 2013. Su a nan barinsu aka yi ana yi musu linzami, daga Janairu 2025 ma aka daina yi wa sabon babur mai fetur rajistar haya a birnin, sai mai lantarki. Shi ne wancan da ya wuce shiru kamar ɓarawo.

Sauran ayyukan da hukumar ke taƙama da su kun sha gani a hotuna: babban tsarin birni na 2050, filin wasa na Amahoro mai ɗaukar mutum 45,000, gasar tseren keke ta duniya da suka karɓi baƙunci a Satumba 2025. Wanda ni ya fi kwanta mini shi ne Nyandungu, fadamar da ta lalace aka gyara ta koma wurin shan iska mai hekta 121, aka buɗe a 2022. Fadama ce ke shanye ruwan da zai shiga gidajen mutane, shi ya sa suka kwashe masana'antun da ke kwarin Gikondo suna mayar da wurin yadda Allah ya yi shi. Ranar Lahadin da ake rufe tituna don motsa jiki, sau biyu a wata, zan ɗauko muku wannan ma.

Ga mu a Biryogo. Wannan layin da aka yi wa fenti kala-kala an hana mota shiga, kujeru ne a tsakiyar titi, ƙamshin shayi mai citta da capati ya cika ko'ina. Hannuna duk ya yi kanta, bayana kuma sai a hankali. Bari in wanke ƙafa in sami jam'in azahar, sannan in mayar wa Mama fartanyarta, don ta ce da yamma za ta yi shuka a bayan gida. Sai mun haɗu.