Bitar Marubuta Matasa: Me Ake Yi a Ciki, Kuma Wacce Ta Cancanci Zuwa?

Assalamu alaikum, jama'a. Yau da 'yan sakandare nake magana, masu ɓoye littafin rubutu ƙarƙashin katifa, da masu cika waya da labarin da ba wanda ya taɓa karantawa. Iyaye da malamai ma ku matso, akwai rabonku a ciki.

Kalma biyu za ku riƙa gani a jikin sanarwa: taro da bita. A taron marubuta ko bikin littattafai, manya ne ke hawa dandamali su yi jawabi, a karanta waƙa, a baje littattafai, kai kuma ka saurara. Irinsu akwai KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, akwai kuma bikin littattafai da fasaha na nan Sakkwato, SOBAFEST. Suna da amfani, ko ba komai za ka ga marubuci ido da ido, ka gane shi ma mutum ne kamarka. Bita kuwa zaman aiki ne. Mutane kaɗan, kowa da rubutunsa a hannu, da jagora guda wanda ya riga ku gogewa. A nan ake koyo.

Ga yadda zaman yake tafiya idan an tsara shi da kyau. Za a ce ƙanwata ta tashi ta karanta shafi biyu na labarinta da babbar murya. Tun a nan aiki ya soma, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake: jimlar da ta yi tsawo har numfashi ya ƙare, kalmar da aka maimaita sau uku a layi ɗaya. Idan ta gama sai ta yi shiru, sauran su yi magana. Wannan shirun shi ne mafi wuya, don zuciya tana son ta ce, “Ai ga abin da nake nufi.” Amma ranar da labarin ya shiga hannun wani a Gusau ko Birnin Kebbi, ba ta nan balle ta yi bayani. Abin da ke kan takarda shi kaɗai zai yi magana. Jagora nagari ba ya tsayawa a “ya yi kyau” ko “bai yi ba”. Tambaya yake yi. Me tauraruwar nan take so? Me ya hana ta samu? Ina jigon? Me ya sa aka ɓata shafi guda kan tashi daga barci da wanka da karin kumallo, alhali rigimar tana shafi na uku?

Na san gyara a gaban mutane yana da ciwo, musamman ga ɗan shekara 15. Amma ku je wurin majema ku gani: fatar jar akuya da Sakkwato ta yi suna da ita, sai an jiƙa ta, an kankare, an jeme kafin baduku ya ɗinka wani abu da ita. Rubutun farko ɗanyar fata ce.

Masu waƙa kuma nasu aikin daban. Za a duba kari, a duba amsa-amo, a ƙirga ɗangogin kowane baiti, ƙwar biyu ce ko 'yar biyar. Za a sa ka rera, inda harshe ya yi tuntuɓe nan ma'aunin ya karye.

Kada wani ya ce maka wannan baƙuwar al'ada ce. A gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waƙa guda takan bi ta hannu fiye da ɗaya: wani ya tsara da Fulfulde, wani ya mayar da ita Hausa, wani ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara wa kowane baiti ɗangogi ya zama mai biyar. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, ɗan'uwanta Isa kuma ya mayar da waƙoƙinta da dama zuwa Hausa. Waƙoƙin nan ne jajojin 'Yan Taru, wato malamai matan da ta horar, suke haddacewa su kai wa matan ƙauyuka. Wanda ya shiga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu zai ga irin takardun da garin nan ya gada. Ƙagaggen labarin boko ma da haɗin hannu ya tashi. A gasar 1933 da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya daga Zariya, Abubakar Imam yana da shekara 22 kacal ya shiga ya zama cikin waɗanda suka yi nasara. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, ya yi wata shida yana rubutu, edita na kusa da shi yana dubawa.

Akwai wata tambaya da ɗan Sakkwato ba ya kauce mata a zaman bita: da wace Hausa zan rubuta? A makaranta da jarrabawa daidaitacciyar Hausa ake nema, dole ka iya ta, ka san rabon kalma da haɗinta, ka sa lanƙwasa a ɓ da ɗ da ƙ. Amma idan tsohuwa a Wurno ta buɗe baki cikin labarinka ta yi magana irin ta mai karanta labarai a rediyo, ka yi mata ƙarya. Ra'ayina shi ne: bayanin marubuci ya tafi da daidaitacciya, bakin taurari kuma a sake shi. Bari ta ce “mi kaka so”, bari yaro ya ce “ya tahi”. Haka wurin da labarin ke faruwa ma. Yaranmu da yawa suna rubuta labarin attajiri a Abuja ko Dubai, wuraren da ba su taɓa takawa ba, ga ɗan kabu-kabu a Mabera, ga manomin albasa a fadamar Rima, ga zafin watan Afrilu da ba wanda zai iya siffanta shi kamarsu. Jagoran da ya san aikinsa zai mayar da su ga abin da suka sani.

To ina ake samun irin wannan zama? Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, a nemi na kusa a tambayi ranar zaman karatunsu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da aka kafa a 1975, tana da malaman Hausa da na adabi, malamin makarantarku zai iya gayyato ɗaya. A Minna akwai gidauniyar Hill-Top ta B.M. Dzukogi, wadda ta daɗe tana renon marubuta 'yan sakandare, tana kuma haɗa ɗalibai daga jihohi a bikin HIASFEST. Wasu bitocin a WhatsApp ko Zoom ake yin su, data kawai suke ci. Gasa kuwa, irin Hikayata ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016, kowace da sharuɗɗanta na shekaru da yawan kalmomi, a karanta su da kyau kafin a tura.

Iyaye, ga naku. Ku tambayi wa ya shirya, wa zai koyar, me ya taɓa rubutawa. Ku san wurin da lokacin tashi, 'ya mace ta tafi da malamarta ko yayanta, kada kuma a haɗa da lokacin WAEC ko NECO. Tambayar da ta fi raba aya da tsakuwa ita ce: za a karanta rubutun ɗana a gyara? Idan amsar ita ce za a ba da riga da satifiket a ɗauki hoto, ku riƙe kuɗinku. Wanda kuma ya ce a biya shi ya buga littafin yaro cikin mako biyu ba tare da edita ba, a yi hattara da shi. Haƙƙin mallakar rubutu na wanda ya rubuta ne tun daga ranar da ya sa shi a takarda, kada yaro ya sa hannu a wata yarjejeniya sai babba ya karanta. Lambar rajistar littafi (ISBN) kuma daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa take fitowa.

Kai kuma ƙanena, kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da gajeren labari guda da ka kai ƙarshensa, ko waƙa biyu, ka yi kwafi don wasu su riƙe, ka rubuta duk gyaran da aka faɗa, har wanda bai yi maka daɗi ba. Ba dole ka karɓi duka ba, ka bari ya kwana biyu tukuna ka zaɓa.

Idan babu bita kusa da ku, a Illela kake ko Tambuwal, ku haɗa taku. Mutum biyar sun isa. Ku roƙi malamin Hausa ko na Ingilishi ya ba ku aji guda ranar Asabar da hantsi. Kowane mako mutum biyu su karanta, shafi biyu-biyu, sauran su fara da abin da ya yi daidai kafin su shiga abin da ya karkace. Wanda aka gyara wa ya dawo da sabon kwafi mako mai zuwa, da shi za a buɗe zaman.