Me Ya Sa Mahaya Suka Sauka Daga Dawakinsu a Hagerstown?

Duk wanda ya ga zanen yaƙin basasar Amurka, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne barade a sukuwane, takubba zare, ƙura ta tashi. Shi ya sa mutane ke ta mamakin hotunan da ke nuna sojan doki, ga takalmin hawa a ƙafarsa, amma ga shi durƙushe bayan katanga yana harbi, babu doki kusa da shi. Wasu cewa suke an harbe dokin, wasu kuma tsoro ne ya sauke shi. Ko ɗaya ba haka ba ne.

Hagerstown gari ne a jihar Maryland, dab da iyakar Pennsylvania. Maryland jiha ce mai bayi, amma ba ta ɓalle ta bi jihohin Kudu da ke yaƙi da na Arewa ba, don haka zukatan mutanen garin a rabe suke. A farkon Yulin 1863 Janar Robert E. Lee na Kudu ya sha kashi a Gettysburg, ya juyo da baya. Ayarin kekunan da ke ɗauke da raunanansa ya kai tsawon mil 17. Burinsa ya haye kogin Potomac a Williamsport, sai dai ruwan sama ya cika kogin, gadar kwale-kwalen da ya bari kuma sojojin Arewa sun lalata ta. Hanyoyin yankin a Hagerstown suke haɗuwa. Ran 6 ga Yuli, Janar Judson Kilpatrick na Arewa ya afka garin da mahayansa don ya datse hanya.

Da farko a kan doki suka shiga, suka yi sukuwa ta cikin titi. To, ku yi tunanin faɗin titin cikin gari. Doki nawa za su jeru a nan? Kaɗan ne. Na gaba ne kawai ke faɗa, na baya sun zama cunkoso. Mahayi ya yi tsororo sama da kowa, duk mai bindiga a taga ko bayan shinge yana ganinsa sarai. Doki ɗaya ya faɗi, na bayansa su yi tuntuɓe a kansa. Ga ƙarar harbi tana dukan bango tana dawowa, dabba ta firgita tana tutsu, kai kuma kana son saita bindiga da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da linzami. Ba za ka sami kowa ba sai dai tsautsayi ya ja shi.

Saboda haka sai a ba da umarnin sauka. Kuma saukar nan tana da tsari. Ana ƙirga sojoji hurhuɗu. Na ɗaya, na biyu da na uku su dira da gajerun bindigoginsu, na huɗu ya karɓi linzaman 'yan uwansa ya ja dawakin zuwa baya, inda harsashi ba ya kaiwa. Ni a ganina wannan na huɗun ya cancanci yabon da ba a cika yi masa ba. Mutum ɗaya, dawaki huɗu, igwa na tashi, kowannensu na ja nasa gefen. Idan suka kuɓuce masa, mutum uku sun rasa hanyar tsira.

Yanzu ku yi lissafin da kanku. Runduna ta mutum dubu, da zarar ta sauka, 750 ne ke harbi. Kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi tun kafin a fara. Bindigarsu, irin su Sharps, ta baya ake ɗura mata harsashi, tana da saurin ɗuri ko kana kwance, amma ba ta cin nisa kamar doguwar bindigar dakarun ƙasa. Doki ya kawo ka da wuri, ya ba ka damar riga abokin gaba isa. Riƙe wuri kuwa aikin masu yawa ne.

Abin da ya faru ke nan a Hagerstown. An shafe sa'o'i ana gwabzawa lungu-lungu, gida-gida, da mahayan Kudu na Janar J.E.B. Stuart. A nan aka harbi matashin hafsan Arewa Ulric Dahlgren a ƙafa, daga baya aka yanke ta. Mutanen gari na ɓoye a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma su ne suka fi ba ni tausayi, domin ba su gayyaci kowa ba. Da dakarun ƙasa na Kudu ƙarƙashin Janar Alfred Iverson suka iso, ma'auni ya karkata. Kilpatrick ya janye.

A ranar dai, Janar John Buford na Arewa ya gwada sa'arsa a Williamsport, amma Janar John Imboden na Kudu ya raba wa direbobin kekuna bindigogi, suka tare shi. Hanya ta zauna a hannun Kudu, Lee ya haƙa ramukan kariya yana jiran ruwa ya janye, ya kuma tsallake Potomac a daren 13 wayewar 14 ga Yuli. Yaƙin ya ci gaba har 1865.